Layuka Shida a Bangon Inna

Masu karatu, yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ke bakina ya fi ƙarfinta. Waɗanda suka saba bina a shafin nan sun san ni da faɗa. Na yi da masu zubar da shara a kwata, na yi da masu cewa "haka muka tarar", na yi har da kawuna da ya shekara uku yana tara roba a ƙarƙashin yoyon rufinsa. Yau ƙarar kaina na kawo muku.

Wanda yau ya fara leƙowa, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da bakwai, injiniyar ruwa ce ni, kuma an turo ni wata ƙasa, wani ƙaramin gari a bakin teku, in yi wata uku ina koyon yadda ake auna cin da teku ke yi wa ƙasa. A gida Lauya ake ce mini. Ban karanci shari'a ba, kawai dai ba a taɓa yanke magana a gidanmu ban ɗaukaka ƙara ba.

Ranar da na sauka ruwan sama ake yi, kuma ɗakin da ofis ya ce ya tanadar mini ashe ko ƙofa ba a sa masa ba. Ina tsaye a rumfar tasha da akwati biyu, gyalena ya jiƙe sharkaf, ina tsara wasiƙar ƙorafi a kaina, sai wata gajeriyar tsohuwa mai kwandon kifi ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa kike jira?"

"Ba kowa."

"To ba kowan nan ba zai zo ba. Ɗauki ƙaramin, ni in ɗau babban."

Haka na zama baƙuwar Inna. Gidanta ƙaramin bene ne, fari da ya koma ruwan toka, na uku a jerin gidaje biyar da ke kan wani ɗan tudun dutse. Ƙasa sito ne, kullum a rufe. Sama falo, kicin da ɗakuna biyu. Ta ba ni ɗakin da ya fi samun rana, da zanin gado mai ƙamshin sabulu, da wani kofi mai guntun hannu da ta ce nawa ne har in tafi. Kullum da safe zan tarar da shi a bakin ƙofata cike da shayi, an kife masa faranti. In na ɗauki soso zan wanke kwano sai ta doke mini hannu.

"Karatu aka turo ki ko wanke-wanke?"

Cikin sati biyu duk layin ya san ni. Mai burodi yana ware mini na gefen tanda don ya lura na fi son mai ƙauri. Mai kifi ta koya mini duba idon kifi, ta ce duk wanda ya sayar mini da mai ido kamar na marar lafiya in kawo mata sunansa. Direban ƙaramar bas kan tsaya yana danna oda har in sauko, fasinjoji suna mita, shi kuwa yana cewa, "Ku yi haƙuri, 'yar Inna ce, tana neman ɗaya takalmin."

Garin gishiri ne. Makulli na tsatsa a aljihu, ashana sai ka ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama, kaya su wuni a igiya su sauko da danshi. Duk wannan na saba. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne yadda Inna ke yi da teku. Tagar falo da ke kallonsa an buga mata ƙusa. In za ta yi shanya sai ta ba shi baya. In za ta kasuwa sai ta bi ta bayan gari, hanyar da ta ninka ta gaɓa sau biyu. Ita kaɗai ce a gidan, mijinta ya daɗe da rasuwa, babu hoton kowa a bango. Ban tambaye ta komai ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ban tambaya ba don a ganina na riga na san amsa. Na rubuta a littafina, har na ja layi a ƙasa: mutanen nan sun juya wa matsala baya, suna zaton in ba su kalle ta ba za ta tafi. Raina yana ɓaci in na ga suna shan shayi a ƙofar gida, ruwa yana lasar ƙasarsu taku ɗaya duk shekara.

Daga gida kuma ga Umma. Kullum bayan la'asar wayata sai ta yi ƙara.

"Lauya, kin kira shi?"

"Umma, ina wuni."

"Lafiya lau. Kin kira shi?"

Shi ɗin Tela ne. Shagonsa na bakin layinmu, shekara biyu ke nan yana zarya gidanmu. Ba wanda ya ce dole, amma Baba ya ce ranar da na dawo in ba bawan Allah amsa, e ko a'a, a daina ajiye shi kamar yadin da aka manta a shago. Umma kuwa ta riga ta zaɓa mini.

"Mutum mai sana'a, mai kunya, ga ladabi. Jiya ma ya zo ya gyara mini labule. Me ya rage?"

"Umma, shekara goma sha biyar yana kan keke ɗaya a shago ɗaya. Ko allon shagon bai sake ba."

"Allon za ki aura?"

Laifinsa a wurina ke nan: ya gamsu. Ni kuma ba abin da na tsana kamar mutumin da ya gamsu. Da zan taho ya nemi in tsaya ƙanwarsa ta auna ni zai yi mini ɗinkin tafiya, na ce ba ni da lokaci. Ana gobe zan tashi sai ga leda. Doguwar riga ce ruwan ƙasa, yadi mai kauri da iska ba ta ɗagawa, da aljihu huɗu: ɗaya na waya, ɗaya na littafi, ɗaya siriri na fensir, ɗaya zagayayye daidai tef ɗin awona. Da ido ya auna ni. Na saka don in samo mata aibi, na juya gaban madubi har sau uku ban samu ba. Haushin hakan ya sa ko godiya ban yi ba. Amma ita nake sawa kullum in zan fita aiki.

Aikin da aka ba ni a ofis shi ne in taimaka wajen jan layi a taswira. Gidajen da suka faɗa cikin layin za a shafa musu jan fenti, a tashi mutanen a mayar da su sabbin gidaje can saman gari, a rushe tsofaffin. Layin da na tarar ya tsaya a ƙasan tudun su Inna. Ni kuma raina bai kwanta ba. Ina ji a jikina sakaci ne, an bar su ne don kada a yi rigima. Hujja kawai na rasa.

Wata ranar Asabar Inna ta aike ni sito in ɗauko mata tsohon kwando. Karo na farko ke nan da na shiga. Wari ne na danshi da tsohuwar raga, bango duk ya yi farin gishiri daga ƙasa. Na janye wani katako, sai na gan su a jikin bangon kusa da ƙofa. Layuka shida na fensir, ɗaya saman ɗaya. Kowanne da wata da shekara a gefensa. Watan ɗaya ne duk, watan da guguwa ta fi tashi a garin. Shekarun a jere, na ƙarshen shekara goma sha tara da suka wuce.

Jama'a, a littattafanmu haka mutanen bakin ruwa suke yi, su ja layi inda ambaliya ta kai. Na zaro tef daga aljihun da Tela ya ɗinka masa, na durƙusa. Santimita tamanin da shida. Casa'in da biyar. Ɗari da biyu. Ɗari da tara. Ɗari da goma sha biyar. Sai na ƙarshe ya yi tsalle, ɗari da ashirin da huɗu. Ruwa yana shiga gidan nan, yana ƙaruwa duk shekara, a shekarar ƙarshe ma ya ƙara gudu, daga nan suka gaji da rubutawa suka rufe ƙofa. Haka na karanta. Na ɗauki hoto da tef ɗin a miƙe a jikin bango.

Da na ɗago, Inna na tsaye a matakala tana kallona. Ban san tun yaushe ba. Na tura tef a aljihu kamar ɓarauniya. Ta karɓi kwandon ta hau.

Da yammar nan ta dafa abinci kamar za a yi baƙi goma. Ta zaunar da ni a tabarma ta warware mini kai, ta shafa mai, ta taje a hankali, tana wani ɗan amo a maƙogwaro. Da ta gama ta buɗe akwatinta ta ɗauko wani mayafi shuɗi mai laushi ta yafa mini.

"Ya yi miki," ta ce. "Na san zai yi miki."

Kun san abin da na ce a zuciyata? Na ce toshiyar baki ce. Ta ga na gano, tana so ta rufe ni da mayafi. Allah ya yafe mini, har tausayinta na ji irin na wanda ya fi ka sani.

Kafin magariba na tura wa Tela hoton. Ba don neman shawara ba, don in nuna masa bambancin mai ɗinka aljihu da mai abin da ake sawa a aljihun. Na rubuta: "Ga irin aikin da ake yi a duniya. Wannan hoton zai ceci gida biyar."

Bayan kamar rabin awa ya turo saƙon murya. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Na ce yabo ne da addu'a kamar kullum, na bar shi ban buɗe ba. Washegari ya rubuto, "Ranki ya daɗe, kin saurara?" Rana ta uku kuma, "Don Allah ki saurara kafin ki kai." Na kashe ƙarar saƙonninsa.

Kwana tara na yi a kan rahoton. Ranar da na tsaya gaban kwamiti da rigar ruwan ƙasa da mayafin Inna a kafaɗata, na haska hoton a bango ya cika shi. Na yi magana minti ashirin. Na ce teku ba ya jiran wanda ya ƙi kallonsa. Na nuna tsallen ƙarshen nan na santimita tara na ce, "Ga gargaɗin da aka yi mana shekara goma sha tara, muka rufe shi da katako." Aka tafa. Aka matsar da layin ya haɗiye tudun da gidajensa biyar. Shugaban sashenmu, dattijo mai furfura da sanyin murya, ya kira ni ofishinsa ya ce zai nema mini ƙarin shekara guda, da aiki sosai.

Shekara guda! Ba komawa gida, ba amsar e ko a'a. Na sauko daga bene kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Laraba da azahar Umma ta kira, ba a lokacinta ba.

"Lauya, me yaron nan ya yi miki?"

"Umma, me kuma?"

"Ya zo nan har sau biyu. Bai yi maganar aure ba. Cewa ya yi in roƙe ki ki saurari wani saƙo. Ki ƙi mutum in za ki ƙi shi, amma kunnenki ba zai gutsure ba don kin ji maganarsa. Ban haife ki da wulaƙanci ba."

Ina zaune a kan katangar gaɓa da burodina a cinya. Rana tsaka, teku kwance. Na danna don dai a bar ni in huta.

"Salamu alaikum, ranki ya daɗe Injiniya. Na ga hoto, Allah ya ƙara basira. Amma ki yi haƙuri, tela zai yi karambani." Ana jin ƙarar keke a bayansa, sai ta tsaya. "Na mayar da lambobinki inci, don ni santimita ba ta zauna mini a kai ba. Na farkon inci talatin da huɗu ne. Injiniya, lambobin nan na san su kamar sunana. Shekara goma sha biyar ina ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta, duk shekara ina sauke musu kalmasa. Talatin da huɗu tsayin ɗan shekara biyu ne. Sai ya ƙara uku da rabi, sai kusan uku, sai ya dinga raguwa. Na ƙarshen ne kawai ya ɗan ruɗa ni. Ni ban san ruwa ba, amma ban zaci yana da ladabin da zai yi shekara shida bai ja baya ko sau ɗaya ba. Kuma ki buɗe hoton sosai ki dubi layin. Ba a miƙe yake ba, ya ɗan yi baka a tsakiya. Haka fensir ke yi in an bi da shi ta saman kai."

Na zaci saƙon ya ƙare, sai ya ci gaba.

"Abin da ya hana ni sukuni ba wannan ba ne. Me ya sa aka tsaya a na shida? Ki tambayi tsohuwar kafin ki kai wa manyanki. Amma a hankali za ki tambaye ta."

Na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu. Kowane layi da ɗan bakansa. Burodin ya faɗi a yashi, tsuntsaye suka sauko kansa, ina kallonsu ban iya ko kora ba.

Na garzaya ofis. Shugaba ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Takarda ta riga ta tafi. Gobe da safe masu fenti za su fara da tudun."

"A tsayar da su."

"Ba ni da wannan ikon. In kin janye rahoton a rubuce, da sa hannunki, kin faɗi kuskuren da bakinki, zan kai wa kwamiti. Sai Litinin za su zauna. Kuma ki sani, tun da nake aikin nan ban ga gidan da aka shafa wa ja aka dawo aka goge ba." Ya mayar da tabarau. "Maganar ƙarin shekara kuma, ba zan iya sa hannu a kai ba bayan wannan. Kin gane?"

"Na gane."

"'Yata, ki yi tunani. Ke kika ce teku zai zo. In bai zo bana ba zai zo nan da shekara talatin. Gida sabo za a ba ta, mai famfo, ba danshi. Wa ya san abin da ke cikin sitonta in ba ke ba?"

Da ma in ce muku na buga tebur. Ban buga ba. Ni da nake cika muku shafi da cewa a faɗi gaskiya ko za ta yi ɗaci, na fito daga ofishin nan ban rubuta ko harafi ba. A bas ina ta lissafa wa kaina: ai taimakonta na yi, ai tsohuwa ce, ai matakalar nan ma ta yi mata tsayi. Na isa gida na tarar ta ajiye mini kifi a rufe, ta cire mini ƙaya tas don ta san ina tsoronta. Na ci. Wannan ma ku rubuta a cikin laifina.

Yau da safe, gari ya waye sosai, na sauka sito kafin shayi ya iso. Na janye katakon na durƙusa. Layi na shida ya zo mini daidai goshi. Ina nan sai na ji takunta, ta shigo da kofina mai guntun hannu.

"Na san nan zan same ki."

"Inna, wace ce?"

Ta ajiye kofin a kan wani akwati, ta zauna a gefensa. Muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Auta nake ce mata, ko da yake ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. A nan ƙasa muke zaune lokacin, ba a yi saman ba. Duk watan da aka haife ta sai babanta ya tsayar da ita a nan. Ni ce mai cewa, haɗa dugaduganki, miƙe sosai, kar ki yi mini ɗage." Ta miƙa yatsa ta taɓa layin ƙarshe. "Wannan ta cuce mu. Ɗage ta yi. Na gani sarai na ƙyale ta, don tana so ta kai 'yar maƙwabta."

Santimita tara. Gargaɗin da na haska wa kwamiti aka tafa mini.

"Ruwa bai taɓa shigowa gidan nan ba?"

"Nan? A kan dutse muke. Bai taɓa hawowa ba. Ita ce ta sauka ta same shi." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ba guguwa, ba komai. Rana irin ta jiya, yana kwance kamar faranti. Takalminta sabo ya yi yashi, ta ce za ta ɗauraye. Ina shanya. Zani ɗaya na juya na shanya. Bai dawo mini da ita ba. Wasu suna da kabarin da za su je. Ni wannan nake da shi."

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Shekara goma sha tara ba wanda ya sauko ya duba. Dangi tsoro suke ji in yi kuka. Ranar da na gan ki a durƙushe kina aunawa, layi bayan layi, har kina rubutawa, na ce yau ga wadda ta damu ta san tsayinta. Da tana nan da kusan sa'arki ce. Mayafin nan na saya ne na ajiye mata, sai ta girma."

Masu karatu, ban san yadda na faɗa mata ba, amma na faɗa. Hoton, rahoton, tafin, layin da aka matsar, jan fenti, rushewa. Har ƙarin shekarar, har kifin da na ci jiya da maganar a cikina. Ban rage komai ba. Na cire mayafin na ninke na ajiye a cinyarta.

Ta daɗe tana kallon bangon. Na so ta zage ni. Na so ta ce in kwashe akwatina. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kin tambaye ni."

Sannan ta ɗauki kofin ta miƙo mini.

"Sha, zai huce."

A nan durƙushe na rubuta takardar janyewar a waya. Layi biyar, ba ado: abin da na kira ambaliya tsayin yarinya ne, ban tambayi mai gidan ba, kuskuren nawa ne ni kaɗai. Na tura wa Shugaba da duk wanda ya tafa mini a kwamiti. Shugaba ya amsa nan take: "Na samu. Sai Litinin. Masu fenti ba a ƙarƙashina suke ba."

Sai na buɗe saƙonnin Tela, na rubuta: "Yarinya ce. Shekararta bakwai."

"Allah ya jiƙanta, ya ba uwar haƙuri," ya rubuto. Bai ce na faɗa miki ba. Na jira, bai ce ba. "Ke kuma yanzu me za ki yi?"

Ban kai ga amsawa ba na ji motar masu fenti ta tsaya a bakin layi. Na fito. Mutum biyu ne da kayan aiki, ɗaya da takarda, ɗaya da bokiti. Mai burodi ya bar tandarsa ya fito, mai kifi ta ajiye wuƙa. Suka nufi gida na farko, na ce su dakata, an janye rahoton, ga shaida a wayata. Mai takardar ya duba ya ce shi abin da ke hannunsa ya sani. Na ce to su fara da na uku, gidan Inna, in sun shafa masa sai su shafa wa sauran. Ya ɗaga kafaɗa, duk ɗaya ne a wurinsa.

A gefen dama na ƙofa suke shafawa, daidai kafaɗar mutum. Bayan wannan bangon, ta ciki, layukan suke. Na je na jingina bayana a wurin.

"Malama, matsa."

"Sai dai ka shafa a kan rigar."

"Ke ba 'yar ofis ba ce? Ba ku kuka aiko mu ba?"

"Ni ce ma da kaina. Ina nan har Litinin."

Mai burodi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya matso ya tsaya kusa. Wayata ta motsa a aljihunta. Na zaro da hannu ɗaya, na rubuta wa Tela inda nake tsaye da abin da ke cikin bokitin. Amsarsa ta zo kafin in mayar da ita: "Tsaya abinki. In ta ɓaci akwai sauran yadin, na ajiye."

Mai fentin ya dubi abokinsa, ya dube ni, ya tsoma burushi a bokiti ya ɗago shi yana ɗiga ja a kan dutse. Na ji ina zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan a jikin bangon. Sai na ji an yafa mini abu mai laushi a kafaɗa. Inna ce ta fito, ta tsaya a gefena, fuskarta tana kallon teku sosai, karo na farko tun da na san ta. Ba ta dube ni ba. A hankali ta yi maganar, yadda ni kaɗai zan ji.

"Haɗa dugaduganki, 'yata. Miƙe sosai."